Ƙugun Kuromosom: Daga Jakin Fadama zuwa Ƙwan 'Ya Mace

 Shirinmu na yau zai taso ne daga jakin da ke kwaso albasa daga fadama.

Kowa ya san alfadari ba ya haihuwa. Uwarsa goɗiya tana da kuromosom 64, ubansa jaki 62, shi kuwa ya tashi da 63. Kuromosom su ne zaruruwan da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayoyin jiki. Kafin a samu maniyyi ko ƙwai, sai an jera su bibbiyu, na uwa da na uba, a raba gida biyu. A jikin alfadari jerin ba ya daidaita, sai aikin ya tsaya.

Kowane zare yana da ƙugu, wurin da ake kama shi a ja. Sunansa sentiromiya, kuma wani furotin ne ke nuna wurin, CENP-A, wanda William Earnshaw ya gano a 1985. Masana a Jami'ar Pavia ta Italiya, ƙarƙashin Elena Giulotto, sun tarar 16 daga ƙugunan jaki ba su da dogon maimaicin DNA da aka saba gani a wurin. Furotin ɗin ne ke riƙe da shaidar. Sun bi sawunta har cikin alfadarai, suka ga ta sauko daga uba zuwa ɗa.

To, yaya shaidar take tsira? Maniyyi idan yana nuna yakan zubar da mafi yawan furotin ɗin da DNA ke naɗe a kai, amma CENP-A ba ya motsawa. Lamarin mace ya fi ban tausayi. Da ƙwayayenta ake haihuwar 'ya mace, su yi ta jira shekara 20, 30, har 40. A ɓeraye an ga CENP-A ya haura shekara guda a ƙwai yana nan daram. Abin da ke gajiya shi ne furotin kohesin, mai ɗaure zaruruwa a ƙugu.

Iyayenmu mata, ku ji wannan da kyau, domin an daɗe ana ɗora muku laifin ɓari, ko a ce kishiya ce ta yi sammu. Kusan rabin ɓarin farkon ciki daga kuskuren kuromosom yake. Idan ɗaurin ya saki, ƙwai yakan fito da ƙari ko ragi, kuma haɗarin yana ƙaruwa bayan shekara 35. Idan ƙarin ya faɗa kan kuromosom na 21, shi ne ake haihuwar yaro da lalurar Down.