Guzurin Dogon Hutu

  

To, ga dogon hutu ya ƙarato. Nan da 'yan kwanaki za a rufe makarantu, 'yan kwana su ɗauro akwatunansu su komo gida, ba za a sake jin ƙararrawa ba sai watan Satumba. Na san abin da ke jiran 'yan mata a Gwarzo da Kabo, da su Getso da Garo da Kutama, gama ni ma a nan na tashi. Akwai kai abinci gona, akwai surfe da ɗiban ruwa, akwai rainon ƙanne, wata har da tallan gasasshiyar masara. Ba mai cewa kada yarinya ta taimaki uwarta. Amma fa akwai wata hasara da ke aukuwa a cikin makonnin nan, wadda ido ba ya gani.

Shekara uku ke nan da na fito daga kwalejin horon malamai aka ba ni aji, kuma kowace komawa hutu abu ɗaya nake tararwa. Yarinyar da muka rabu da ita tana zuba karatu kamar ruwa, sai ta dawo tana bin baƙi da yatsa, tana tuntuɓe. Sai mun ɓata mako biyu ko uku wajen ta da abin da ya kwanta, kafin mu ɗora sabo. Karatu kamar lauje ne, in aka rataye shi sai ya yi tsatsa. Ku ma matan aure wannan magana ta shafe ku. Mu nawa ne muka gama firamare, wasu har sakandare, amma yau ko takardar magani aka rubuto daga asibiti sai an kira yaro ya duba?

Maganin wannan kuwa ba mai ɗaci ba ne, watau labari mai daɗi. Yarinyar da ta yini cikin rana ba za ta buɗe littafin lissafi da dare ba, amma labari shi da kansa yake jan mutum. Saboda haka na zaɓo mana littattafai, ɗaya kowane mako har mako shida.

Mako na farko mu fara daga gida. A shekarar 1933 wani Bature mai suna Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su gwada rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa, ɗaya daga ciki kuwa shi ne Idon Matambayi, na Malam Muhammadu Gwarzo, wanda aka buga a 1934. Labarin ɓarayi ne masu gasar wayo da juna, kowa yana neman ya yi wa ɗan'uwansa zamba. Ƙarami ne, ba ya gajiyarwa. Ashe ba abin kunya ba ne a ce ana karanta shi a jami'o'i, amma 'yar Gwarzo ba ta taɓa buɗe shi ba?

Mako na biyu, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, shi ma daga gasar nan ya fito. Lokacin da ya rubuta shi yana malamin makarantar Midil ta Katsina, shekarunsa 22 kacal, watau ko ni na girme shi a sa'an nan. Alhaji Imam ne ya tafi neman wani ruwa mai warkar da cuta, ko'ina ya sauka sai ya yi karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe. Wannan a karanta shi da ƙarfi a tsakar gida, don tsofaffi su ma su yi dariya.

Mako na uku, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta shi yana malamin makaranta, tun kafin ya zama Firayim Minista a 1957. Labarin yaro ne da aka raba shi da uwarsa a zamanin cinikin bayi, har aka ƙetare hamada da shi, ita kuwa ta bar kome ta bi sawunsa. Duk uwar da ta karanta shi, ta ajiye gefen zane kusa saboda hawaye.

Kun ga duk ukun nan maza suka rubuta. An yi shekara 46 daga nan kafin a buga ƙagaggen labari na mace da Hausa, watau So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, wanda ya fito a 1980 bayan wata gasa da kamfanin buga littattafai na Zariya ya shirya. Shi ne namu na mako na huɗu. Wata Bafillatana ce mai suna Boɗaɗo ta ƙwallafa rai a kan wanda ba ƙabilarsu ɗaya ba, dangi suka ƙi. Uwa da 'ya su karanta, sa'an nan su zauna su tattauna wa ke da gaskiya.

Mako na biyar, Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na shekarar 1990. Abu ce aka cire daga makaranta tana 'yar shekara 13, aka aurar da ita ga wani dattijo. Ba zan gaya muku yadda ta ƙare ba. Abin da zan ce kawai, ita marubuciyar kanta tana ƙarama aka yi mata aure, sai daga baya ta nemi ilmi, saboda haka ta san abin da take faɗa.

Mako na shida mu rabu gida biyu. Matan aure su ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma na Balaraba ne, na 1990. Rabi ce mijinta ya kora da 'ya'ya tara bayan ya yi amarya, ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe su. A 2012 an fassara shi da Turanci, aka buga a ƙasar Indiya, har mutanen nesa suka san Rabi. 'Yan mata kuwa su ɗauki Magana Jari Ce, littafi na ɗaya, na 1937, su ji yadda aku yake tsare ɗan sarki da labari iri iri.

Na san wata uwa za ta ce, “Malama, ai littattafan nan su ke ɓata yara.” Ba zan musa miki duka ba, Yaya, gama kasuwa akwai na kirki akwai na banza. Amma ke da kanki, kina zuba miya ba ki ɗanɗana ba? To, haka littafi yake. Ki fara karantawa kafin ki miƙa wa 'yarki. In kika hana ta duka, za ta karanta a ɓoye a wayar ƙawarta, inda ba ki san abin da ke ciki ba. Gara wanda kika zaɓa mata da hannunki.

Sai maganar kuɗi, musamman yanzu da damina ta yi tsaka, rumbu ya yi ƙasa. Ba na cewa gida ɗaya ya sayi duka. Ai mun iya adashi, to mu yi adashin littafi. Gida shida su haɗu, kowane gida ya nemo nasa. A naɗa uwar adashi mai rubuta wa ke riƙe da wane, kowace Jumma'a da yamma a yi musanya. Kafin hutu ya ƙare kowa ta karanta shida da kuɗin ɗaya. Motocin Gwarzo da na Kabo kullum suna shiga Kano, sai a ba maigida ko wani ƙane sautu ya duba wurin masu littattafai a kasuwar Sabon Gari. Kafin nan ma a bincika tsohuwar adakar Baba, a kuma tambayi malamin Hausa na makaranta, gama ukun farkon nan an daɗe ana karanta su a aji.

In littafi ya zo hannunki, ki tuna amana ce. Ki yi masa riga da takarda, ki sa shi cikin leda saboda danshi da gara, ki ɗora shi inda hannun yaro ba ya kai. Kada ki lanƙwasa shafi, tsinken tsintsiya ya isa alama. Kada kuma a ci lokacin Islamiyya ko na girki. Bayan la'asar, ko sa'ad da ruwa ya tsare kowa a ɗaki, shafi biyar ya isa. Littafin takarda ba ya neman caji, ba ruwansa da ɗauke wuta.

Ku ƙannena, ga aikinku. Kowace ta ware 'yan shafuka a bayan littafin rubutunta, in ta gama labari ta rubuta layi goma: wa ya burge ta, wa ya ba ta haushi, kuma da ita ce me za ta yi. Kada ku raina wannan. Tun 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata domin mata masu rubuta gajerun labarai, kuma duk wadda ta taɓa cin ta, da karatu ta fara. Wa ya sani, ko a cikinku akwai wadda za ta gaji Malam Muhammadu Gwarzo?

Ni dai har na yi wa nawa Idon Matambayi riga, na ajiye shi ƙarƙashin matashi, na ƙosa a buga ƙararrawar ƙarshe. Wadda ta kafa adashi a unguwarsu ta rubuto mana a wannan fili, mu ji wane littafi ne aka fi rububinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu Satumba lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.