Wa zai tsaya wa yaron da ya fito daga daji?

Daga Garwa zuwa Marwa tafiyar kilomita kusan 200 ce, shi ya sa mazaunin Garwa a bakin kogin Binuwai kan ɗauki yaƙin Boko Haram tamkar gobarar wata unguwa. Amma yaran da yaƙin ya haɗiye 'ya'yan arewacin Kamaru ne. A rahoton da asusun UNICEF ya fitar a watan Afrilun 2016, yaran da aka ɗaura wa bam a yankin Tafkin Chadi sun tashi daga 4 a 2014 zuwa 44 a 2015, mafi yawansu 'yan mata, kuma Kamaru ce kan gaba da hare-hare 21 irin waɗannan. Mutanen Marwa ba su manta da watan Yulin 2015 ba, lokacin da bama-baman da aka ɗaura wa 'yan mata suka tashi a cikin garin. Wanda aka ɗaura wa bam shi ake gani a labarai. Bayansa akwai masu dakon kaya, da 'yan leƙen asiri, da masu girki, da waɗanda aka aurar dole, kuma Ƙa'idojin Paris na 2007 sun lissafa su duka cikin yaran da aka sa a yaƙi.

Fitowa daga daji ba ita ce ƙarshen wahalarsu ba. Tsoro ya sa ana yi wa kowane yaro kallon bam mai tafiya. A Disambar 2014 jami'an tsaro suka kwashe yara 84 daga makarantun allo a Girbidik, wasu 'yan shekara 5, aka tsare su wata shida a Marwa ba tare da tuhuma ba. A watan ne kuma aka kafa dokar yaƙi da ta'addanci mai hukuncin kisa. Daga baya gwamnati ta buɗe wata ƙofa: a Nuwambar 2018 ta kafa hukumar karɓar makamai da mayar da tsoffin mayaƙa cikin jama'a, kuma sansanin hukumar a Meri ya cika bayan mutuwar shugaban Boko Haram Shekau a 2021. Sai dai hukuma tana iya karɓe bindiga ta ba da takarda, ba ta iya sa maƙwabci ya ci tuwo kwano ɗaya da yaron, ko maigidan gareji ya ɗauke shi koyon aiki.

A nan ne nake ganin aikin coci yake, kuma ya wuce rabon shinkafa da barguna. Aikin shi ne tsayawa, irin yadda ake tsaya wa mai neman bashi ko baƙon da ke neman masauki. Kirista ya san wannan daga tarihin addininsa. Bulus ya tsananta wa masu bi, kuma da ya tuba ya zo Urushalima, almajiran sun ji tsoronsa, ba su yarda da tubar ba sai da Barnaba ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni, ya jingina mutuncinsa a kansa. Bulus ma babba ne da ya yi abin da ya yi da ganganci, balle yaron da aka sace yana kiwo. An gwada irin wannan tsayawa a arewacin Uganda zamanin tawayen Joseph Kony. A 1996, da aka kwashe 'yan mata 139 daga makarantar Aboke, Sista Rachele Fassera ta bi 'yan tawayen cikin daji da ƙafa ta dawo da 109. Shugabannin addinai na Acholi, Katolika da Anglika da Musulmi tare, suka matsa har aka yi dokar afuwa a 2000, kuma a 2003 Babban Bishop Odama na Gulu ya kwana a titi tare da yaran da ke gudun sacewa.

Za a ce, ai Kiristocin Mayo-Tsanaga su ne aka ƙona wa coci-coci da rumbuna, da wane ido za a nemi su rungumi wanda ya kunna wutar? Wannan magana tana da nauyi. A Ngecewe da ke yankin aka sace Fada Georges Vandenbeusch a Nuwambar 2013, a garin ne kuma aka kashe 'yan gudun hijira aƙalla 17 a Agustan 2020, a harin da shaidu suka ce yara aka turo da bam. Limamin cocin da zai hau mumbari ya umarci gwauruwa ta yafe kafin hawayenta su bushe ya ƙara mata zalunci. Amma tsayawa dabam, tilasta yafiya dabam. Mai tsayawa yana cewa ne: na san inda yaron nan yake kwana, na san abin da yake yi da rana, in ya yi ɓarna ku zo wurina. Wannan ya fi kare gwauruwar kanta, domin yaron da gari ya kora ba shi da masu maraba da shi sai waɗanda suka koya masa harbi.

Tuhuma ta biyu daga Musulmi take fitowa: yawancin yaran 'ya'yan Musulmi ne, anya taimakon ba tarko ba ne? Dole a amsa wannan da aiki. Yaron da aka riga aka yi wa dole da sunan addini, duk wanda ya sa masa baftisma a matsayin kuɗin abinci ya maimaita laifin 'yan daji da tattausar murya. Ɗan Musulmi a miƙa shi ga liman da lawani da danginsa, coci ta kawo makaranta, da magani, da mai sauraron abin da yake gani a mafarki.

Batun hukunci kuwa bai da sauƙi. Dominic Ongwen yaro ne aka sace shi a Uganda, ya girma ya zama kwamanda, kotun duniya ta ɗaure shi shekara 25 a 2021. Akwai ranar da wanda aka sace yake zama mai sacewa, kuma coci ba ta da ikon share wannan. Abin da za ta iya nacewa a kai shi ne kada a kai ɗan shekara 13 gaban kotun soja a auna shi da mudun manya.

Garwa tana da abin da ƙauyukan iyaka ba su da shi, wato nisa. Nan ne mazaunin Babban Bishop na Katolika da lardinsa ya haɗa Marwa-Mokolo da Yagwa da Ngaundare, nan ne kuma hedikwatar cocin 'Yan'uwa Lutheran. Akwai yaron da ba zai iya komawa Kolofata ko Amcide yanzu ba, saboda kowa ya san gidan da aka sa shi ya ƙona. A Garwa ba wanda ya sani sai mai tsaya masa, kuma akwai gareji, da shagon tela, da aji mai sauran benci.