Injin Gahawa da Ya Ƙi Kamawa

Zariya garin shayi ne. Wanda ya ratsa Tudun Wada da sassafe, daga Agoro zuwa Kongo, teburin mai shayi zai yi ta cin karo da shi, ga burodi a jere, ga ƙwai, ga tukunya tana tafasa. Duk da haka, injin dafa gahawa irin ta Italiya, wadda ake kira esfireso, ya fara shiga wasu gidaje. Wani malamin jami'a ne ya dawo da shi daga karatu, wani ɗan kasuwa ne ya tsinto shi a Dubai, wani a kayan ɗakin amarya ya zo, wani kuma cikin kayan Beljiyam aka saye shi a Sabon Gari. Da yawansu ba sa daɗewa suna aiki. Wata rana a danna makunni a ji shiru, sai a ce "ya ƙone", a ɗora shi saman kabad ƙura ta ci gaba da hawansa. Abin takaici ne, domin galibin irin waɗannan injuna lafiyarsu ƙalau. Wuta ce ta tsaya a wani wuri kafin ta isa gare su, ko kuma wani ɗan ƙaramin abu da aka sa domin ya kare su ya yi aikinsa.

Tun 1884 Angelo Moriondo ya yi rajistar injin gahawa mai aiki da tururi a birnin Turin, Luigi Bezzera ya inganta shi a Milan a 1901, sannan a 1961 kamfanin Faema ya fito da wanda famfon lantarki ke tura ruwansa. Na gida da muke gani yau jikokin wannan ne. Aikin injin bai wuce biyu ba: ya ɗumama ruwa zuwa digiri 90 da 'yan kai, ya kuma tura shi ta cikin niƙaƙƙiyar gahawa da matsin da ya ninka na iskar sarari sau tara. Turawar ba ta cin wuta sosai. Ɗumamawar ce mai ci. Ƙarfen da ke zafafa ruwan yakan ja wat 1,000 zuwa 1,500, daidai da dutsen guga ko butar lantarki. Saboda haka duk abin da za a faɗa a nan ya shafi butar shayi da tukunyar shinkafa ta lantarki, don hanyar wutarsu kusan ɗaya ce.

Mai neman akuyar da ta ɓace daga turke yake fara bin sawu. Haka ake bin wuta: daga bango a nufi ciki, ba a fara da kwance inji ba. Wutar tana fitowa daga soket, ta shiga filogi, ta ratsa fis ɗin da ke cikinsa, ta bi waya, ta isa makunni, ta wuce fis ɗin zafi, sannan ta kai ga ƙarfen ɗumama ruwa da famfo. Ko'ina ta yanke a wannan layi, sakamakon ɗaya ne: ba fitila, ba ƙara.

Tambayar farko ita ce ko akwai wuta a wannan soket ɗin, ba a gidan ba. Ƙwan ɗaki yana iya kamawa alhali soket ɗin kicin a mace yake, domin layinsu daban ne a allon rarraba wuta, kuma a gidajen da aka ja wa layi uku, ɗaya yakan ɗauke ya bar biyu. A duba mita ko kati ya ƙare, a duba makunnin da ke canjawa tsakanin janareta da wutar gari ko an mayar da shi. Kada a gwada soket da cajar waya. Caja tana aiki tun daga bolt 100, kuma abin da take ja bai taka kara ya karya ba, don haka za ta kama ko a soket ɗin da wayarsa ta saki. Testa ma, wannan sukurdireba mai ɗan haske, yana nuna cewa waya mai rai tana nan ne kawai, bai san ko ta dawowa ta tsinke ba. A jona dutsen guga. Idan ya yi zafi yadda ya saba, soket ya fita daga zargi.

Sai ƙarfin wutar kanta. A ƙa'ida bolt 230 ake bayarwa a Nijeriya. Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba ta a jihohin Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kebbi, ko da yake har yau "an kawo Nefa" mutane ke cewa, shekaru bayan an sauya sunan hukumar a 2005. A unguwa mai cunkoso, inda gidaje da shagunan walda da injinan niƙa suka taru a kan taransifoma ɗaya, wutar tana faɗuwa da magariba, fanka ta dinga juyawa da ƙyar. Lissafin a nan yana da ban mamaki: idan wuta ta sauka zuwa bolt 160, ƙarfen ɗumama ruwa ba zai ba da ko rabin zafinsa ba. Tsohon inji mai makunni zalla zai kama, sai dai ruwan ya yi ta jan jiki. Na zamani mai allon kwamfuta a ciki kuwa yana iya ƙin tashi gaba ɗaya, ko ya yi ta ƙyafta fitila. Wannan ba lalacewa ba ce. A sake gwada shi da hantsi ko tsakar dare. Haka kuma ƙaramin janaretan nan da ake kunnawa don kallo da fanka bai kai wat 1,000 ba, inbata mai kVA ɗaya ma ba za ta ɗauka ba. Idan sitabilaiza za a sa, a nemi mai VA 2,000 zuwa sama; ta talabijin ba ta wannan aikin ba ce.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarancin wuta muni. Idan wayar dawowa ta tsinke a kan falwaya ko a taransifoma, wutar da ke shiga wasu gidaje tana iya haurawa har kusan bolt 400. A irin wannan ranar ce ƙwayaye ke yin fari fat kafin su fashe, maƙwabta su fito kowa na lissafin abin da ya rasa. Injin da aka bari a jone a ranar, ko a daren da aka yi tsawa da damina, shi ne ake da dalilin jin tsoron allonsa.

Filogi shi ne wurin da aka fi samun matsalar, kuma gyaransa ya fi kowanne arha. Namu irin na Ingila ne, mai ƙafa uku masu kusurwa, da ɗan fis a ciki wanda aka rubuta wa 3 ko 5 ko 13. Inji mai wat 1,350 yana jan kusan amfiya 6, don haka fis mai 13 ne nasa. A kwance filogin, a sa sabon fis, a duba ko sukurorin sun riƙe wayoyin da kyau: mai ruwan ƙasa ita ce mai rai, shuɗiya ta dawowa, mai kore da rawaya ta ƙasa. Idan robar ta yi baƙi ko tana warin ƙuna, a canja filogin duka, a duba soket ɗin ma. Injunan da suka zo daga Jamus ko Italiya filoginsu daban ne, mai ƙafafu zagayayyu. Abin da aka saba yi shi ne a zura murfin biro ko mabuɗi a ramin sama a danna, a cusa ƙafafun da ƙarfi. Yana kamawa, amma riƙon ba ya yin kyau, wurin ya dinga zafi har ya narke. Mafi haɗari, an raba injin da wayar ƙasa, shi kuwa jikinsa ƙarfe ne kuma ruwa ne a cikinsa. A yanke wancan filogi a ɗaura namu. Doguwar jona mai siririyar waya, wadda aka riga aka loda wa firij da caja huɗu, ita ma ba wurinsa ba ne. Soket ɗin bango yake so shi kaɗai.

A nan ne nake roƙon mai karatu da babbar murya. Fis ba ya ƙonewa haka kawai, kuma idan ya ƙone ba a ɗaure shi da zaren waya ko takardar kwalin sigari. An yi shi ne ya narke kafin wayar gida ta yi. Wanda ya ɗaure shi bai gyara komai ba, ya dai mayar da wurin ƙonewar cikin bango ko cikin silin, a gidan da yara ke barci. Idan an sa sabon fis ya sake tashi nan take, to akwai inda wuta ke haɗuwa a cikin injin. A zare shi, kada a sa na uku.

Kafin a kai ga ciki, a juya injin a karanta ɗan allon da ke ƙarƙashinsa. Idan an ga 220 zuwa 240V, irin wutarmu ce. Idan an ga 120V, na Amurka ne ko Kanada. 100V na Japan ne. Ƙaramin adafta da ake saya a kasuwa siffar ƙafafu kawai yake canjawa, ba ya rage ko bolt ɗaya. Ƙarfen da aka yi don ya ba da wat 1,200 a bolt 120, idan ya sha bolt 230 zai nemi ya ba da wat 4,400. Cikin daƙiƙu kaɗan wani abu zai ƙone. Wanda ya yi sa'a, fis ne kawai ya tafi. Irin wannan inji sai da taransifomar rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce nasa, mai wat 2,000 ko fiye, mai nauyi kuma mai tsada, har wani lokaci sayen wani injin ya fi sauƙi. A lura kuma wasu injuna suna da babban makunni a baya ko a gefe ban da na gaba, kuma tun 2015 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa injunan gahawa na gida su kashe kansu bayan ɗan lokaci. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka nasa mutuwa yake yi.

Idan duk wannan ya wuce lafiya, saura ciki, kuma a nan aikin mai gyara ne, sai fa wanda ya iya riƙe maltimita. A zare filogi, a bari ya huce, a zubar da ruwan tanki. Yadda injin ya mutu yana nuna inda za a duba. Idan fitila tana kamawa amma ruwa ba ya zafi, ƙarfen ɗumamawa ne ko na'urar da ke daidaita zafi. Lafiyayyen ƙarfe na bolt 230 yakan nuna om 35 zuwa 55 a mita. Idan da an kunna shi wutar gidan ke ɗaukewa, ko jikinsa yana ɗan jan hannu, mai yiwuwa ƙarfen ya tsage ruwa ya kai ga wuta, kuma kada a sake taɓa shi a jone. Idan kuwa shiru ne gaba ɗaya, a auna waya daga filogi zuwa ciki, don ɓera na cin ta kuma tana karyewa a inda take shiga jiki. A auna makunni. A duba allo ko kyankyasai da tururuwa sun yi gida, don suna son ɗumin wurin, ko ƙurar hunturu ta haɗu da laima ta yi tsatsa. Akwai ɗan faifai kusa da mashigar wuta wanda aikinsa shanye wutar da ta yi yawa; idan ya fashe ya yi baƙi, sau da yawa shi da fis ɗin allon ne kaɗai za a canja.

Wanda ya fi yawan kashe inji shiru shi ne fis ɗin zafi. Ɗan ƙarami ne kamar ƙwayar magani, yana manne da tukunyar ruwa cikin rigar roba, an buga masa adadin digirin da zai yanke a kai. Sau ɗaya yake aiki a rayuwarsa. Dalilan yankewarsa sanannu ne: tukunya ta yi zafi ba ruwa a ciki, ko na'urar daidaita zafi ta maƙale, ko farin dutsen da ruwan rijiya da na burtsatse ke bari ya lulluɓe ƙarfen. A wurinmu akwai dalili na huɗu. An ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, an bar makunni a kunne an tafi kasuwa, wuta ta dawo ba kowa a gida, injin ya yi ta gasa kansa awa da awanni.

Idan an kai wa mai gyara, a tsaya a tambaye shi: "Oga, me ya ƙone, kuma me ya ƙona shi?" A nemi ya nuna tsohon da ya cire. Wasu, don su burge mai kaya da saurin aiki, sukan haɗe wayoyin biyu su tsallake fis ɗin zafi. Injin zai tashi a gabanka, amma ba abin da zai sake tsayar da shi ranar da ya zarce. Sabon fis dole ya zama mai digiri ɗaya da tsohon, kuma matse shi ake yi da ƙarfe, ba a yi masa dalma, domin zafin dalmar kansa yana iya yanke shi. A kuma auna na'urar daidaita zafin, in ba haka ba sabon zai bi tsohon cikin mako.

Bayan gyara, a cika tanki, a kunna famfo ruwa ya fito ta baki kafin a bar shi ya yi zafi. Idan butar gidan tana yin farin dutse a gindi, to injin ma yana yi. A wanke cikinsa da garin tsamin da ake sayarwa don haka duk bayan wata biyu ko uku, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Da an gama dafawa, ko da an ɗauke wuta, a kashe soket a zare filogi.