Digirin da ya haɗa ɗakin gwaji da littafin akanta

A daidai inda titin Grand Concourse ya haɗu da titi na 149, a unguwar Bronx ta birnin New York, akwai kwalejin Hostos, wadda aka kafa a 1968. Da yawa daga cikin ɗalibanta baƙin haure ne ko kuwa 'ya'yansu, kuma a 'yan shekarun nan akwai 'yan Afirka ta Yamma a cikinsu, har da masu jin Hausa daga zangunan Accra da Kumasi, waɗanda iyayensu suka yi kaka-gida a wannan yanki. Kwalejin tana koyar da aikin akanta, tana kuma koyar da darussan kimiyya, to amma kowanne da ƙofarsa. Ɗalibin da ya yi sha'awar duka biyun, yawanci sai a ce masa ya zaɓi guda.

Can a ƙasar Kanada kuwa, Jami'ar Waterloo da ke lardin Ontario ta shafe shekaru tana gudanar da wani digiri da ya gwama biyun, wato fasahar sarrafa ƙwayoyin halitta da kuma aikin ƙwararren akanta. Ɗalibi kan shiga ɗakin gwaje-gwaje ya koyi yadda ake sauya ƙwayar halittar tsiro ko ta ƙwayar cuta, sa'an nan ya koma aji ya koyi haraji da binciken littattafan kuɗi. Bisa tsarin da aka san jami'ar da shi, ɗalibin kan yi watanni 4 yana karatu, ya fita ya yi wasu 4 yana aiki a kamfani ana biyansa albashi.

Mai ji daga nesa zai ɗauka haɗin gambiza ne. Sai dai kuma dalilin yana cikin yanayin wannan sana'a. Kamfanin da ke neman sabon magani yakan kwashe shekaru 10 ko fiye yana kashe kuɗi bai sayar da ko ƙwaya ɗaya ba. A 2014 wata cibiyar bincike ta Jami'ar Tufts ta ƙiyasta cewa samar da sabon magani guda kan ci kimanin dala miliyan 2,600, idan aka haɗa da asarar magungunan da suka faɗi a gwaji, ko da yake akwai masanan da suka ce adadin ya yi yawa. Ƙa'idar akanta ta Amurka kuwa, tun daga 1974, ta tanadi cewa kuɗin bincike ana rubuta shi ne a matsayin abin da aka kashe nan take, ba a matsayin kadara ba. Saboda haka littafin irin wannan kamfani ba ya nuna kome sai asara, alhali darajarsa na kwance ne a cikin sakamakon gwajin da akantan da bai san kimiyya ba ba zai iya karantawa ba.

Birnin New York ya ga abin da wannan giɓi kan haifar. A watan Disamba na 2001 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙi karɓar takardun kamfanin ImClone a kan maganin sankara mai suna Erbitux. Shugaban kamfanin, Samuel Waksal, ya sami labarin kafin a bayyana shi, ya yi yunƙurin sayar da hannun jarinsa, ya kuma tsegunta wa iyalinsa. A 2003 aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekaru fiye da 7. Abin mamaki shi ne, maganin yana aiki, an kuma amince da shi a 2004. Shi kuwa kamfanin Theranos na jihar California akasin haka ne: an ƙiyasta darajarsa a kan dala miliyan 9,000 bisa alkawarin gwajin jini da ɗan ɗigo kaɗan, na'urar kuwa ba ta yin abin da aka ce tana yi. A 2022 kotu ta sami shugabarsa, Elizabeth Holmes, da laifin damfarar masu zuba jari.

Ga matashin Grand Concourse da ke son bin wannan hanya, dole ne ya ɗinka ta da kansa. Hostos kwalejin shekara 2 ce, daga nan sai ya wuce wata babbar kwaleji ta Jami'ar Birnin New York, kamar Lehman da ke arewacin unguwar, inda ake koyar da akanta da ilimin halittu. Anan ne lissafin ke tsauri. A 2009 jihar New York ta fara neman awoyin darasi 150 daga mai son lasisin akanta na CPA, alhali digirin farko 120 ne, wato kusan ƙarin shekara guda ke nan. Wasu sun cike ƙarin da darussan kimiyya, to amma darasin ɗakin gwaji yana cin yini, wanda ke tuƙa tasi da dare ko aikin jinya a gidajen tsofaffi domin ya biya haya ya kuma aika wani abu gida ba shi da wannan yinin. Ƙarancin masu shiga aikin akanta ya sa a 2025 jihohi irin su Ohio da Virginia suka buɗe wata hanyar, ta digirin farko da ƙwarewar aiki ta shekaru 2.

Aikin yi dai ba shi da nisa. Kwalejin likitanci ta Albert Einstein tana cikin Bronx, kamfanin magunguna na Regeneron, wanda aka kafa a 1988, yana garin Tarrytown, arewa da birnin, manyan kamfanonin binciken kuɗi kuma suna Manhattan, tafiyar jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Batun ya shafi gida ma. A 2019 Nijeriya ta amince da waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta samar domin ya jure wa tsutsar da ke cinye kwanson wake, a 2024 kuma masarar TELA ta biyo baya. An yi ta muhawara a kan lafiyar irin waɗannan tsaba, amma ba a cika jin ana tambayar nawa aka kashe ba, ko wa ke da haƙƙin mallakar fasahar, ko nawa manomi zai riƙa biya kowace damina. Ƙungiyar akantoci ta ICAN, wadda aka kafa a 1965, tana karɓar masu digiri a wasu fannoni su zauna jarrabawarta, don haka wanda ya karanta ilimin halittu a Zariya ko Kano yana iya shiga, sai dai zai fara ne daga matakin farko.