Abin da ya sa manhajojin fassara ke tuntuɓe a kan kalmomin halayyar ɗan Adam

Tun a watan Disambar 2013 Google Translate ya sanya Hausa cikin harsunansa, kuma daga 2016 kamfanin ya fara komawa tsarin da ke duba jimla gaba ɗaya maimakon tsinto kalmomi ɗaya-ɗaya. Fassarar ta inganta sosai. Amma har yanzu akwai inda ya kamata mai amfani da waya ya yi taka-tsantsan: maganganun Turanci da ke siffanta halin mutum.

Matsalar ita ce yawancinsu salon magana ne, ma'anarsu ba ta cikin kalmomin. Idan Bature ya ce wani "down to earth" ne, yabo ne, yana nufin mai sauƙin kai, ba wanda ya faɗi ƙasa ba. "Thick-skinned" kuwa mutum ne da suka ba ta damunsa. Wani lokaci harsunan biyu sukan dace, don "big-headed" girman kai ne. Wannan dacewar ce ke yaudara. "Bad blood" ya yi kama da baƙin jini, alhali gaba ce tsakanin mutum biyu. Haka nan "big-hearted" mai karamci ne, amma Bahaushe idan ya ce wane yana da zuciya, sau da yawa saurin fushi yake nufi.

Kafofin sada zumunta sun ƙara dagula lissafin, domin kalmomi na sauya ma'ana da sauri. Masu ƙamusun Oxford sun zaɓi "toxic" a matsayin kalmar shekarar 2018. Asalinta abu mai guba, amma yanzu har mutumin da zama da shi ke cutarwa ake kira da ita. A 2023 suka zaɓi "rizz", wato iya jan hankalin wanda ake so. Merriam-Webster kuma ta ɗauki "gaslighting" a 2022. Kalmar ta samo asali ne daga wani wasan kwaikwayo na Patrick Hamilton na 1938, wanda a cikinsa miji ke juya tunanin matarsa har ta fara zargin hankalinta. Babu ruwanta da iskar gas ta girki, sai dai a X da TikTok an wuce gona da iri, ƙaramin musu ma sai a laƙaba masa sunan.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne wajen neman aiki. Tallan aiki a LinkedIn da ke neman "self-starter" yana son wanda ba sai an tsaya a kansa ba. Mai neman aikin da ya kira kansa "opinionated" yana zaton mai ra'ayi yake nufi, ya bayyana kansa ne a matsayin mai kafewa a kan ra'ayinsa.

Kafin a tura irin wannan saƙo, gara a liƙa wa manhajar cikakkiyar jimla, sannan a mayar da fassarar zuwa harshen farko a ga ko ma'anar ta dawo. Ƙamusun Cambridge da ke intanet yakan sanya wa kalma alamar "approving" ko "disapproving", wato ko ta yabo ce ko ta kushe.