Surfanin Rigar Salla a Ƙasar Tasawa da Mayahi

A ƙasar Suwidin, inda duhu ke rufewa da wuri a watan Disamba, mata sun gaji al'adar ƙawata farin ƙyalle da jan zare, su fitar da siffar tauraro da kyandir da akuya, su rataya a bango lokacin bikin Lusiya na 13 ga Disamba da kuma Kirsimeti. A ƙasar Hausa ma biki ne ke tayar da allura, sai dai adon ba na bango ba ne, a ƙirjin mutum ake ganin sa ranar Idi.

A jihar Maraɗi, daga Tasawa zuwa Mayahi da ƙauyukan El Alasan Mairairai, inda noman gero ne abin dogaro, aikin allura yakan samu sarari bayan kaka, ya kuma yi zafi idan azumi ya kama, domin magidanci yana son fita masallacin Idi da sabuwar riga da hula. Surfani, wato adon zare da ake yi wa tufa, yana farawa ne daga mai zane, wanda ke shata siffofin a kan shadda kafin maɗinki ya bi layin ɗinki bayan ɗinki, aikin da kan ci watanni a babbar riga guda.

Siffofin suna da sunaye. Aska takwas tsinaye ne dogaye masu kama da bakin aska da ke sauka ta gefen wuya da kan aljihu, aska biyu kuwa ita ce ƙaramarta, sannan akwai tambari, da'irar da ke murɗawa a ƙirji da baya. A da, zaren tsamiya, wanda ake kaɗawa daga gidan wata tsutsar daji, da jan alharini da fatake ke kawowa ta Sahara daga Tarabulus, su ne kayan aikin rigunan sarakuna da attajirai, kuma Zariya ta yi fice a sana'ar surfani har yau.

Yanzu keken surfani da na'urar kwamfuta suna gama riga cikin kwana ɗaya a farashi mai sauƙi, kuma ba za a zargi manomin da ya zaɓi hakan ba. Abin damuwar shi ne masu zanen hannu suna tsufa, matasan da ke zama gabansu su koyi shata aska takwas kuwa sai raguwa suke yi.