Kafso Ya Fara Ƙin Ci: Kira Ga Mutanen Tambuwal Da Kebbe

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja kunnen 'yan'uwana na Tambuwal, Dogon Daji, Sanyinna, Kebbe da Kuchi.

Ni ɗan tireda ne. Da damina 'yata ta kamu da zazzaɓi da ciwon ciki. Kamar yadda muka saba, na je wurin mai kemis, ya ƙirga mini kafso shida na ja da yalo, gwargwadon kuɗina. Ta ɗan ji sauƙi, muka daina. Bayan mako biyu ciwon ya dawo, na sayo Septrin, na ƙara da Ampiclox, duk a banza. Sai da muka dangana da Sakkwato, aka auna fitsarinta, likita ya ce ƙwayar cutar E. coli ce, kuma duk waɗancan magunguna ba sa kashe ta. Allura mai tsada ce ta cece ta da ikon Allah, bayan na rabu da tumaki biyu. Araha ba ta ado!

Ga bayanin da likitan ya yi mini. Cikin hanjin kowannenmu akwai ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa, akasarinsu ba sa cutarwa. Duk lokacin da mutum ya sha kafso, sai raunanan cikinsu su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Har ma suna iya miƙa wannan taurin kai ga wasu ƙwayoyin cuta, irin na taifod. Daga nan su fita cikin bayan gida. In an yi shi a fili, ruwan sama ya kwashe zuwa rijiya ko tafki, ƙudaje su kai kan abinci. Ka ga ke nan wanda bai taɓa shan maganin ba shi ma ya ɗauka.

Haka abin yake ga dabbobi. Mukan ɗura wa shanu da kaji maganin mutane ba da sanin malamin dabbobi ba, alhali kashinsu muke kai wa gona, nononsu muke sha.

Wannan magana ba sabuwa ba ce. Baturen da ya gano fanisilin a 1928, Alexander Fleming, ya yi kashedi tun 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai sa ƙwayoyin cuta su saba da shi. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cuta masu ƙin jin magani. E. coli ce a kan gaba, kuma Afirka ta Yamma ta fi ko'ina yawan mace-macen in an kwatanta da yawan jama'a. Nijeriya ta fito da shirin yaƙi da matsalar a 2017 ƙarƙashin hukumar NCDC, amma mu na ƙauye har yanzu a faranti ake tallar mana kafso ranar kasuwa.

Saboda haka, jama'a, mura ba ta jin kafso. Yawancin gudawar yara ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki take bukata. In gudawar da jini, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, a garzaya asibiti. In likita ya rubuta magani, a sha yadda ya ce, kada a rage wa maƙwabci. A gina masai nesa da rijiya, a wanke hannu da sabulu, a tafasa ruwan sha.

Ina kira ga masu kemis su ji tsoron Allah, su daina sayar da rabin magani. Shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe su taimaka da rijiyoyin burtsatse da kayan awo a asibitocinmu. Hukumar NAFDAC ta riƙa leƙa kasuwannin ƙauye. Limamai da hakimai kuma su faɗakar da jama'a.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu lafiya, amin.

Naku,
Wani ɗan tireda,
Tambuwal, Jihar Sakkwato.